Yanda za ka dasa fulawar gida a Jos ta rayu har ta tsallake ranin farko

Duk shekara da zarar Disamba ta kama sai ka ga mutane sun faka mota a bakin titi wajen masu sayar da fulawa, a cika but da ledoji a wuce gida, saboda lokacin ne bogenbiliya take cika da fure, fonsetiya ma ta yi ja jawur kamar an watsa mata fenti, ga bukukuwa ga baƙi, kowa so yake ƙofar gidansa ta yi kyau. Nima haka na yi shekarar da muka tare a gidanmu, na sayo iksora, mai ƙananan furanni a dunƙule, guda 20 na jera su a jikin katanga, kafin ruwan farko ya sauka a Afrilu guda 3 ne kacal suka rage, kuma wallahi abun ya min ciwo, dan kullum in na dawo daga masallaci da asuba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na ba su ruwa. Sai daga baya na gane abun da ya kashe su, na dasa a lokacin da bai dace ba, a wurin da bai dace ba, cikin ramin da ko tafin hannu biyu bai kai ba. Shi yasa nake so in faɗa muku abun da na koya a shekarun da suka biyo baya.

Fulawar da nake nufi su ne ƙananan itatuwan nan da ba sa zama bishiya, masu fitar da rassa da yawa tun daga gindi, tsayinsu daga gwiwa zuwa ɗan sama da kan mutum, irin su haibiskos, iksora, yalo bush mai rawayan ganye, kuroton mai ganye kala-kala, wardi, bogenbiliya, harda namu na gida irin lalle da shuwaka da rumman.

Maganar lokaci dai ita ce farko. A Jos ruwa yana fara sauka a Afrilu amma bai cika zama sosai ba sai cikin Mayu, ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta, ya ɗauke wajen Oktoba. To ka yi dashenka daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, lokacin ƙasa ta jiƙe ta yi laushi kuma akwai sauran rana, shukar tana da wata 4 ko 5 na ruwan sama kyauta da za ta tura saiwa ƙasa kafin hunturu ya zo. Agusta ba na ba da shawara, ruwan ya yi yawa, sai a yi kwana uku ana yayyafi ba a ga rana ba, ƙaramar saiwa sai ta ruɓe a rami. Disamba da Janairu kuwa ka san halin garin nan, muna kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, sanyin asuba ga busasshiyar iskar nan da take fasa leɓe, abun da take wa fatarka shi take wa ganyen da ba shi da saiwar da za ta jawo masa ruwa. In ka ga fulawa ta burge ka a Disamba kuma ka kasa haƙura, saye ta amma ka bar ta a ledarta ko ka juye a bokitin fenti da ka huda ƙasansa, ka ajiye inda iska ba ta dukanta kana ba ta ruwa, sai damina ta zauna ka sa ta a ƙasa.

Kafin ka je saye kuma, ka ɗauki kwana ɗaya ka lura da gidanka. Ina ne rana take faɗowa da hantsi, ina ne take dukan katanga da azahar har la'asar, ina ne inuwa ba ta tashi. Bogenbiliya da wardi da haibiskos da lalle 'yan rana ne, in ba su samu kamar awa 6 ba za ka ga ganye kore shar amma fure babu. Kuroton tana jure rabin inuwa, sai dai in inuwar ta yi yawa kalolin ganyenta su koma kore. Ka duba inda ruwan kwano yake zuba, kar ka kuskura ka dasa komai a ƙarƙashin indararo, ruwan Agusta zai haƙe gindin ya bar saiwa a waje. Ka nisanci bakin sokawe da inda bututun ruwa ya bi. In kuma akwai bishiyar turare kusa da kai, wadda Jos ta cika da ita musamman wuraren da aka yi haƙar kuza a da, to ka ba ta tazara sosai dan tana shanye ruwan ƙasa, ƙaramar shuka ba za ta iya kokawa da ita ba.

Wajen zaɓe ni abun da nake cewa mutane shi ne su fara tambayar kansu wa ke shiga tsakar gidan. In kana da ƙananan yara ko awaki ko tumaki, akwai fulawar da bai kamata ta shigo ba ko da kyauta aka ba ka. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda ko fari, guba ce daga ganye har itacenta, ko ƙona ta bai kamata a yi kusa da mutane ba dan hayaƙin ma yana cutarwa. Yalo bush da kowa ke shinge da ita in aka bar ta ta girma tana yin 'ya'ya ƙanana ruwan lemo masu jan idon yaro, su ma guba ne, amma in kana mata aski a kai a kai ba ta samun damar yin su. Lantana, mai ƙananan furanni kala-kala a dunƙule, tana cutar da dabbobi kuma tana bazuwa ta cinye wuri. Bini da zugu da kakanninmu suke shinge da shi 'ya'yansa suna sa amai da gudawa mai tsanani in yaro ya ci. Kerana da muke gani an kewaye gonaki da gidaje da ita a ƙauyukan Filato shinge ce da ko akuya ba ta ratsawa, amma farin ruwan jikinta in ya shiga ido bala'i ne, a gona ta dace ba a tsakar gida ba.

Ni a nawa ra'ayin, mai farawa ya fara da haibiskos da yalo bush da bogenbiliya, ba su da laulayi. Haibiskos 'yar uwar yakuwa ce da rama, in ka kalli furen za ka ga kamar, furenta kwana ɗaya ko biyu yake yi ya faɗi amma gobe wani ya buɗe. Bogenbiliya daga Kudancin Amurka aka kawo ta, kuma abun nan mai kala da muke cewa fure a gaskiya ganye ne da ya rine, furen shi ne ɗan farin nan da yake tsakiya, tana da ƙaya dan haka kar ka sa ta a hanyar wucewa. Wardi kuwa a nan ne Allah ya ba mu abun da wasu ba su da shi, sanyin Jos yana karɓarsa, ɗan uwana da yake Kubwa a Abuja sau biyu yana tafiya da shi daga nan, da zafin Maris ya zo sai furen ya ƙanƙance ganyen ya ƙone, shi kuma lalle da yake wahalar da ni a nan saboda ya fi son zafi, a can kamar ciyawa yake tashi. Kuma dan Allah kar a raina namu na gida, shuwaka layi ɗaya a bayan kicin ga kore ga miya, zogale in kana datse kansa a daidai ƙirji ba zai zama bishiya ba zai yi ta fitar da rassa uwargida tana tsinka a tsaye, rumman ga jan fure ga 'ya'ya.

In ka je wajen mai fulawa kar idonka ya tsaya a kan wadda ta fi fure. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta, in saiwa ta fasa leda ta shiga ƙasa har sai an fizge ta to ta daɗe a wurin kuma an riga an ji mata rauni. In kuma ka ɗan girgiza itacen ka ji yana rawa a cikin ledar kamar sanda, to kwanan nan aka soka reshen bai yi saiwa ba, wani lokacin har da furensa ake yanko shi. Juya ganyen ka duba bayansa ko akwai fararen ƙwari kamar auduga. Gajera mai rassa 3 ko 4 da sabon toho ta fi doguwa siririya mai fure ɗaya a ka. Kuma ka yi tambaya, yawancin dattawan nan sun shekara da shekaru a sana'ar, ka gaishe shi da kyau ka ce Baba wannan rana take so ko inuwa, in ta girma ina take kaiwa, yaushe aka sa ta a leda, za ka sha mamakin abun da zai faɗa maka kyauta.

Yanzu rami, nan ne nake so a nutsu, dan nan ne nawa suka mutu. Yawancin gidajenmu in an gama gini magina a jikin katanga suke zubar da ragowar siminti da fasassun bulo da buhuna, a kawo jar ƙasa a rufe a daddaɓe, kai kuma ka zo ka tona ɗan rami a kai ka sa shuka. Ƙasar Jos a asalinta tana da ɗan tsami wanda iksora take so sosai, siminti kuwa kashe tsamin nan yake, shi yasa za ka ga sabon ganyen iksora ya fito rawaya jijiyoyinsa kaɗai ne kore, kana ta zuba taki ba ta ko motsi. Saboda wannan dalilin ne ma ba a zuba wa iksora toka. To ka ja baya daga katanga aƙalla taku 2, ka sa diga ka haƙa rami mai faɗi, ninki 2 ko 3 na faɗin ledar, zurfin kuma daidai tsayin ledar ko ya ɗan ɗara kaɗan, saiwar ƙananan itatuwan nan gefe take tafiya fiye da ƙasa. Duk ɓaraguzan da ka tarar ka kwashe su a baro ka fitar. In ka ci karo da marmara ka farfasa gefen ramin da ƙasansa da diga, kar ka bar shi sumul kamar tukunya.

Daga nan ka gwada ramin, cika shi da ruwa da yamma ka tafi. In da safe ka tarar ya tsotse to madalla. In ruwan yana nan kwance, wurin yana riƙe ruwa, ko ka canza wuri ko ka tara ƙasa ka yi tudu kamar kunyar doya ka dasa a samansa. Wannan ɗan gwajin na dare ɗaya da na san shi tun farko da ban yi asarar da na yi ba.

Ƙasar da za ka mayar kuma, ka haɗa kashi 2 na baƙar ƙasa da kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, in ƙasarka mai danƙo ce ka ƙara yashi kaɗan. Na ce ruɓaɓɓe fa. Jos Allah ya hore mana gidajen kaji, kashin kaji ba ya wahalar samu, amma ɗanyensa wuta ne, yana ƙone saiwa cikin kwana kaɗan. Tara shi a gefe ka jiƙa ka rufe kana juyawa har wata 2 ko 3, sai ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Kashin shanu ya fi sanyi, amma shi ma busasshen da bai ruɓe ba gara yake kira.

Ranar dashe ka bari sai la'asar ko ranar da gari ya yi lumshi. Ka ba shukar ruwa a ledarta tun da safe dan ƙasar ta kama jikinta. Sa reza ka tsaga ledar daga gefe ka zare, kar ka kama wuyan itacen ka ja, musamman bogenbiliya, saiwarta kamar gashi take, in ƙasar ta warwatse da wuya ta tashi. In saiwa ta nannaɗe a ƙasan ledar ka warware ta da yatsa a hankali. Ka zaunar da ita yanda saman ƙasar leda zai yi daidai da saman ƙasar gidanka, mutane suna son binne wuyan wai dan ta tsaya da ƙarfi, ruɓewa yake. Mayar da ƙasa ka danna da hannu, ba da dunduniya ba, ka yi mata ɗan kewaye kamar faranti dan ruwa ya zauna, ka zuba bokiti guda a hankali ko da an yi ruwan sama ranar. In akwai fure a jikinta ka daure ka cire, na san da ciwo, amma ƙarfin ya tafi saiwa ya fi. Tazara kuma, yalo bush na shinge kamar santimita 30 zuwa 40 tsakaninsu, haibiskos mita 1, bogenbiliya mita 2, a ranar za ka ga kamar wurin ya yi fili da yawa, ba shi shekara biyu ka gani.

Takin zamani kar ka yi gaggawarsa, bari sai ta yi wata ɗaya da rabi ka ga sabon toho. Kamfa, wato mai 15-15-15, cokali ɗaya ya ishi ƙaramar shuka, ka zagaya da shi nesa da itacen kamar kamu ɗaya ka rufe da ƙasa, sau 2 a damina ya wadatar. Yuriya ganye take sawa, ta yi wa yalo bush da shuwaka daidai, amma in ka ɗura wa bogenbiliya za ka samu kurmi ba fure. Da ruwa ya ɗauke kuma ka dakata da takin zamani.

Sai ranin farko, shi ne jarrabawar. Daga Nuwamba har Maris kusan wata 5 da wuya a ga ruwan sama, rijiyoyi su ja baya, famfo sai an ga dama, 'yan garuwa su ƙara kuɗi, dan haka tun wajen saye ka lissafa guda nawa za ka iya shayarwa a Fabrairu, gara 5 da suka ƙoshi da 20 da suke yaushi. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗan yayyafin nan na kullum da kofi ko buta, saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa sai ta taso sama tana neman ruwan, rana ɗaya ka yi tafiya ta bushe. Ka ba ta bokiti guda mai lita 10 a gindi a hankali sau 2 a sati, in zafin Maris ya tsananta sau 3, ruwan ya nutse ƙasa saiwa ta bi shi. In kana kokwanto tura yatsa cikin ƙasar, in ka ji danshi bari sai gobe. Da safe ya fi, a lokacin sanyi ka bari rana ta ɗan fito. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk ka tara a bokiti, suna yi, amma ruwan wanki mai omo ko bilic kar ya je wurin.

Abun da ya fi rage min wahalar ruwa shi ne rufe gindi. Tun ƙarshen Oktoba kafin ƙasa ta bushe ka samu busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa ko ganyen da ya zubo ka shimfiɗa kaurin yatsa 4 a kewayen shukar, amma ka bar fili kamar tafin hannu tsakaninsa da itacen saboda gara, kuma duk sati ka ɗaga ka leƙa. Ta ɓangaren da iskar hunturu take bugowa, wato arewa maso gabas, in wurin a buɗe yake ka kafa ɗan zana ko buhu ya tare. In ta zubar da ganye kar ka yi saurin tumɓuke ta, kankare bawon da farce, in ka ga kore a ciki tana da rai. Wadda ta ga ruwan Afrilu da ranta, rani na biyu rabin wannan hidimar ma ba za ta nema ba, bogenbiliya ma in ta kafu ƙishin ne yake sa ta fure, mai yawan ba ta ruwa shi yake hana ta.

Aski kuma da almakashi mai kaifi ake yi ba da adda ba, adda tana tsaga reshe ruwa ya shiga ya ruɓe. Shinge ka fara rage masa kai tun yana ƙarami dan ya cika daga ƙasa, kuma ka bar gindin ya fi saman faɗi kaɗan yanda rana za ta samu ganyen ƙasa, in ba haka ba sai ka ga sama cunkus ƙasa ƙafafu tsirara kaji suna ratsawa. Haibiskos da wardi ka rage su a farkon damina, ka yanka a karkace ɗan sama da idon da yake kallon waje, wato inda toho yake fitowa. Wardi a Agusta yana yin baƙin ɗigo a ganye saboda laima, ka tsince waɗanda suka kamu har na ƙasa ka fitar, ka rage rassan tsakiya iska ta shiga. Fonsetiya ka datse ta bayan jan ya ƙare, kuma daga Satumba kar ka sake taɓa ta, sannan kar ka dasa ta ƙarƙashin fitilar tsaro, dogon duhun dare ne yake sa ta yin ja, in ƙwan lantarki ko na sola yana haska ta har asuba haka za ta zauna kore. In ƙanƙara ta sauka, dan tana yi mana haka wani lokacin da damina, ta yayyaga ganye, cire rassan da suka karye kawai ka ƙyale ta za ta sake.

Ƙwari da suka fi damun haibiskos da kuroton su ne fararen nan masu kama da auduga da ƙananan korayen da suke taruwa a kan toho, in ka ga kiyashi suna hawa suna sauka to suna nan. Ƙaramin cokali 2 na sabulun ruwa a lita 1, ko ka daka ganyen dogon yaro ka jiƙa ya kwana ka tace, ka fesa da yamma har bayan ganye, ka maimaita bayan sati. Akuya kuwa ba ta da magani sai waya ko kwando, duk abun da ka dasa a ƙofar gida ka kewaye shi ranar da ka dasa, haibiskos a wurinta kamar alewa ce.

In kana so ka ƙara yawansu ba sai ka koma saye ba. A Yuni ka roƙi maƙwabcinka reshe in yana aski, mai kaurin fensir, mai ido 3 ko 4, ka cire ganyen ƙasa ka bar biyu a sama, ka soka rabinsa a ledar fiya wata da ka huda ka cika da yashi da baƙar ƙasa, ka ajiye a inuwa kana ɗan jiƙawa. Yalo bush da shuwaka da haibiskos cikin sati 4 zuwa 6 sun kama, kuroton ta kan ɗan daɗe, bogenbiliya ta fi gardama, sai reshen da ya ƙosa kuma in ka soka 10 kar ka sa rai duka za su tashi. Ka lura da kan da yake sama tun wajen yanka dan in ka juya shi ba zai yi ba, kuma kar ka dinga zaro shi kana duba saiwa, in ka ga sabon ganye ya fito ya buɗe ka ƙara masa sati 2 sannan ka fara fito da shi rana da safe kaɗan kaɗan kafin ya shiga rami.